Tekun da Ke Kwance a Ƙarƙashin Boɗinga da Shagari

Duk wanda ya tashi daga Sakkwato ya kama hanyar Jega, zai fara iske Boɗinga, in ya ƙara gaba kuma ya tarar da Shagari. Tarihin da ake faɗa a kan garuruwan nan sananne ne. A Sifawa, nan kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana rubutu, kuma a wannan zama ne aka raba ragamar daula tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Malam Abdullahi kuwa Boɗinga ya mayar mazauninsa. Shagari ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Wannan ko ɗan firamare ya sani.

Akwai kuma wani tarihin da ba a cika faɗa ba, na ƙasar da aka kafa garuruwan a kanta. Gonakin gero da wake da ke dama da hagu da hanyar nan, inda damina ba ta wuce wata huɗu, a wani zamani ƙasan teku ne. Teku sosai, mai ruwan gishiri, mai kifayen shak da kififiyu da kadoji masu dogon baki. Ya zo ya koma fiye da sau ɗaya, zuwansa na ƙarshe kuwa an yi kimanin shekara miliyan 60 da shi. Masana sun haura ƙarni guda suna tono labarinsa, har a 'yan shekarun nan ma ba a daina gano sabon abu a kansa ba. Abin takaicin shi ne labarin ya fi yawo a Landan da Italiya da Amurka fiye da yadda yake yawo tsakanin mutanen da ke noma a bisansa.

Ba wanda ya fi maginan rijiya kusa da shaidar wannan teku. Mai ginar rijiya a yankin nan ya san ƙasa ba iri ɗaya ba ce daga sama har ƙasa. Da farko rairayi ne mai laushi, shebur kawai ke kwashe shi. Sai ya ci karo da marmara, ja mai tauri, wadda sai diga ta yi ta tartsatsi kafin ta saki. In ya huda ta sai yumɓu, wani fari wani jaja-jaja. A wuraren da tsofaffin shimfiɗu suka matso kusa da sama, musamman in aka nausa gabas wajen Shuni da Dange, yana ƙara nutsawa sai ya faɗa wa wani farin dutse mai gari, mai ɓata hannu da tufa. A nan abin mamakin yake. In aka fito da guntunsa a guga aka fasa a bakin rijiya, sai a ga siffar katantanwa a ciki, da murɗinta da komai, ko ƙumba mai ɓari biyu a rufe ruf, sai dai duk sun zama dutse. Ƙarƙashin farin dutsen akwai wata laka mai duhu da ke ɓarewa falle-falle. A cikinta ake samun wani abu mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi, da wasu curarrun duwatsu masu nauyi, da haƙora masu tsini waɗanda har yau kaifinsu bai gushe ba.

Bahaushe in ya ga irin wannan, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu, kuma ba shi kaɗai ba ne, malaman Turai ma sun daɗe suna fassara abin haka. Amma tun shekara dubu da ta wuce wasu malaman Musulunci sun hango cewa ƙasa da teku suna musayar wuri a cikin dogon zamani. Abu Raihan al-Biruni, a wani littafi da ya kammala a 1025, ya bayyana cewa hamadar Larabawa teku ce a da, hujjarsa kuwa abin da ake gani ne in ana ginar rijiya: shimfiɗun ƙasa da yashi da tsakuwa, da ɓawon halittun ruwa a can ciki. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, shi ma ya yi magana a kan yadda laka ke daskarewa ta zama dutse da yadda ake tsintar halittun ruwa a cikin duwatsu. Saboda haka wanda ya ce akwai teku a ƙarƙashin gonar Shagari bai zo da wani baƙon ilmi ba. Da a ce al-Biruni ya leƙa rijiyar Dange, da ya gane abin da yake gani.

Binciken zamani ya soma ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. J. D. Falconer, wanda ya zagaya Arewa yana neman ma'adinai, ya wallafa littafinsa a kan duwatsu da yanayin ƙasar Nijeriya ta Arewa a 1911, a 1919 kuma aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya. Ƙishirwa ce ta ja ma'aikatan hukumar zuwa Lardin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1920, suna neman inda za a gina rijiyoyi masu ɗorewa. Ruwa suka zo nema, suka koma da akwatunan ƙasusuwa. A 1930 Raeburn da Tattam suka fitar da rahoto a kan duwatsun lardin, a shekarar kuma W. E. Swinton na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan ya bayyana ƙasusuwan dabbobi masu jan ciki da aka aika masa. Daga ciki akwai wani kada mai siririn dogon baki da ya sa wa suna Rhabdognathus, da wasu ƙasusuwan baya na wata dabbar teku da ba a san irinta a wannan yanki ba. A 1934 E. I. White ya bi da bayanin kifayen lardin, har da wani faffaɗan kifi dangin kunamar ruwa da aka raɗa wa sunan Wurno, Myliobatis wurnoensis. Rahoton Brynmor Jones na 1948 shi ya ƙara daidaita jerin shimfiɗun.

Ƙasusuwan bayan nan da Swinton ya gani sun yi shekara arba'in suna jiran sauran jikinsu. Sai a wajen 1970 wata tawaga daga Jami'ar Fulorens ta Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, ta yi tono a ƙasar Goronyo ta samo ƙoƙon kai da wasu sassan jiki. A 1972 suka tabbatar da cewa dabbar jinsi ce mai zaman kanta, suka kira ta Goronyosaurus nigeriensis. Tana cikin dangin da masana ke kira mosasa, wato manyan ƙadangarun teku, 'yan uwan damo da guza na nesa, waɗanda ƙafafunsu suka koma filafilan iyo, suka rayu cikin ruwa suna farautar kifi da duk abin da ya fi su rauni. Ta Goronyo ta fita daban da 'yan uwanta na sauran duniya. Kanta dogo ne matsattse irin na kada, haƙoranta a miƙe suke suna shiga tsakanin juna in ta rufe baki, idanunta kuma ƙanana ne. Wannan ya sa masanin da ya sake nazarinta a shekarun 1980, Theagarten Lingham-Soliar, ya yi hasashen cewa a gurɓataccen ruwa take farauta, inda gani ba ya da wani amfani sosai. Daga ƙoƙon kai guda ɗaya, an fara hango irin ruwan da ya kwanta a ƙasar Rima.

Bayan Italiyawa, L. B. Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya bayyana wani kadan teku a 1975 ya sa masa Sokotosuchus, daga baya kuma wata kififiya, Sokotochelys. Amma aikin da ya fi zama ginshiƙi na ɗan ƙasa ne, Farfesa Cornelius Kogbe, wanda ya shafe shekarun 1970 yana bin gangare da kwazazzabo da ramin tono a wannan yanki, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buga babban bayaninsa a 1979. Al'adar masana ce su kira kowace shimfiɗa da sunan wurin da ta fi bayyana. Shi ya sa ɗalibin ilmin duwatsu a Nsukka ko a Faransa, in ya zo kan wannan babi, dole ya haddace Gundumi da Illo, Taloka da Dukamaje da Wurno, Dange da Kalambaina da Gamba, sannan Gwandu.

Ga yadda masana suka tsara labarin. A wancan zamani duniya ta fi yanzu zafi ƙwarai, babu tulin ƙanƙarar da ke ƙuryar arewa da ta kudu a yau, saboda haka ruwan teku ya tumbatsa ya hau kan nahiyoyi. A arewacin Afirka akwai wani babban teku da ake kira Tetis, wanda Bahar Rum ragowarsa ne. Daga can ruwa ya gangaro ta cikin Sahara, ya ratsa gabashin Mali da yammacin Nijar ta wajen Tawa, har ya iso ƙasar Sakkwato. Babban kwarin da ya cika ana kiransa Iullemmeden, ƙasar Sakkwato kuwa ita ce gefensa na kudu maso gabas. Bakin kwarin ba shi da nisa: matafiyin da ya nufi Gusau, da zarar ya bar ƙasar rairayi ya fara ganin manyan duwatsu sun taso, to ya fita daga ciki ya hau tsohon tudu.

Zuwan da ya fara barin shaida sosai a nan ya faru kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, shi ya ajiye lakar Dukamaje mai ɗauke da ƙasusuwan Goronyosaurus. Sai ruwa ya ja baya, yashi mai laushi ya rufe wurin, ita ce shimfiɗar Wurno. Sai ya dawo ya ajiye lakar Dange. Da ruwan ya ƙara tsabta, halittu masu ɓawo suka yawaita, gawarwakinsu suka yi ta taruwa har suka zama farin dutsen Kalambaina. Da ya yi tafiyar da babu dawowa, koguna suka yi ta kwararo yashi da yumɓu suka binne komai, wannan ita ce shimfiɗar Gwandu, wadda ta lulluɓe yammacin jihar da babban ɓangare na Kabi. Shimfiɗun duka sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma. Dalili ke nan da ya sa abin da ke fili a gangaren Dange, a kan hanyar Gusau, sai an yi tono kafin a same shi in aka matsa yamma.

Tsakanin zuwan farko da na biyu duniya ta ga musibar da ba ta ƙara ganin irinta ba. Shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sararin samaniya a inda Meziko take a yau, ya bar rami mai faɗin kimanin kilomita 180. Ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka ƙare, har da manyan dabbobin nan dainoso. Luis Alvarez da ɗansa Walter ne suka kawo wannan bayani a 1980, a farkon shekarun 1990 aka tabbatar da ramin, a 2016 kuma aka huda tsakiyarsa aka zaro duwatsu don awo. Ƙasar Sakkwato tana riƙe da shaidar kafin musibar da ta bayanta. A Dukamaje akwai ƙadangarun teku, a Dange babu ko ɗaya. Kadojin nan masu dogon baki kuwa suna nan a ƙasa suna nan a sama: sun tsira, har suka gaje gurbin da aka bari. Yadda aka yi suka tsallake abin da ya share maƙwabtansu tambaya ce da har yanzu ake kai-kawo a kanta.

Sabon abin da ya ƙara wa zancen armashi a kusa da mu aka gano shi. A watan Agustan 2022, Uisdean Nicholson na Jami'ar Heriot-Watt da ke Sikotilan da abokan aikinsa suka sanar da gano wani rami a ƙarƙashin Tekun Atlantika, fiye da kilomita 300 daga gaɓar ƙasar Gini, binne cikin laka. A cikin hotunan ƙarƙashin teku da masu neman man fetur suka ɗauka aka hango shi. Faɗinsa kimanin kilomita 9 ne, aka sa masa suna Nadir, a 2024 kuma hotuna masu inganci suka ƙarfafa cewa faɗowar dutse ce ta yi shi, dutse mai faɗin mita 400 zuwa 500. Shekarunsa sun zo kusan daidai da na ramin Meziko. Ko ɓallin dutse ɗaya ne ya rabu biyu, ko kuwa katari aka yi, sai an huda ramin an auna kafin a yanke hukunci.

Cikakken hoton tekun kansa daga Mali ya zo. Maureen O'Leary ta Jami'ar Stony Brook a Amurka, tare da masana 'yan Mali da na wasu ƙasashe, sun fara tono a arewacin ƙasar tun 1999, suka tattara sakamakon shekara ashirin suka wallafa a 2019. Abin da suka nuna shi ne teku marar zurfi sosai, kimanin mita 50, mai ɗumi, gaɓarsa cike da itatuwan da ke tsira cikin ruwan gishiri, a wurin da yau ko ciyawa sai an tona. Halittunsa kuwa wasu sun yi girman da ya wuce misali. Akwai macijin ruwa, Palaeophis colossaeus, da aka ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 8 da 12, akwai kifi dangin tarwaɗa da ya haura mita ɗaya da rabi. Masanan sun yi hasashen cewa a duk lokacin da ruwa ya ja baya, wasu sassan tekun kan yanke su zama a keɓe, halittun ciki su yi ta girma babu mai takura musu. Kifin nan na Wurno da White ya bayyana a 1934, shi ma an same shi a Mali. Ruwan da ya kwanta a kan Boɗinga shi ne ya kwanta a arewacin Gawo ta Mali.

Inda ba a gama daidaitawa ba shi ne ƙarshen tekun ta kudu. Wasu masana suna ganin ya zarce ta kwarin Bida ya haɗu da Tekun Gini, har ya raba Afirka ta Yamma da sauran nahiyar na wani lokaci, hujjarsu kuwa kamannin ƙananan halittun da ake samu a Sakkwato da na kudancin Nijeriya. Wasu kuma suna ganin a wasu lokutan lungu ne kawai mai toshewa, suna nuni da abin nan mai ƙyalli, wato jifsam, wanda kan taru a inda ruwan gishiri ya tsaya rana tana ƙafar da shi. In akwai amsa, wani ɓangarenta yana kudancin kwarin ne, inda shimfiɗun teku ke sirancewa har su ɓace, wato ƙasar da ta taso daga Shagari ta nufi Tambuwal da Jega.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan talaka da tekun da ya ƙafe tun babu ɗan Adam? Amsar tana jikin bangon ɗakinsa. Farin dutsen Kalambaina shi ake ƙonawa a yi siminti, jifsam kuma shi ake zubawa don kada kwaɓin ya daskare da wuri. Saboda dutsen nan aka kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, zamanin Sardauna, ya fara aiki a 1967, yau kuma yana hannun BUA, wanda ya buɗe sababbin layuka a 2018 da 2022. A ƙetaren iyaka, masana'antar siminti ta Malbaza a Nijar irin wannan dutse take ci.

Ruwan sha ma a hannun tekun yake. Farin dutsen yana da kafofi, yana tsotse ruwan sama, lakar Dange da ke ƙarƙashinsa kuwa ba ta bari ya zurare, sai ya taru a tsakani ya ciyar da rijiyoyi marasa zurfi da maɓuɓɓugai irin na Kware. Wanda ya zarce cikin lakar da fatan ƙarin ruwa wahala kawai zai sha, sai in ya huda ta gaba ɗaya ya kai ga yashin da ke can ƙasa. Masanan Amurka Henry Anderson da William Ogilbee, waɗanda suka yi aiki da hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya a shekarun 1960 suka wallafa rahoto a 1973, sun nuna cewa a wasu fadamu, in aka huda yashin Gwandu, ruwa da kansa yake tunkuɗowa sama ba tare da famfo ba. Awon da aka yi daga baya ya nuna wani ɓangare na ruwan can ƙasa ya yi dubban shekaru a kwance, tun zamanin da ake samun ruwan sama fiye da yanzu. Duk mai haƙa rijiyar burtsatse ya kamata ya san da haka: akwai ruwan da damina ke mayarwa, akwai kuma wanda in aka zuƙe shi ba zai dawo a zamanin jikokinmu ba. Tafkin ƙarƙashin ƙasar nan kuma na tarayya ne da Nijar da Mali.

Sai curarrun duwatsun nan masu nauyi da ke cikin lakar Dange, waɗanda su ne suka fi shafar manomi. In aka ɗauki ɗaya a tafin hannu, ba shi da wani kyan gani: launinsa tsakanin toka-toka da ruwan ƙasa, jikinsa da kaushi, wani a mulmule, wani dogo. In aka fasa, a kan ga ɓurɓushin ƙashi ko haƙorin kifi a ciki, wasu kuwa kashin dabbobin teku ne da kansa ya daskare ya zama dutse. Wannan shi ne fosfet, abin da ake yin takin sufa da shi, kuma ɗaya daga cikin sinadarai uku da ke cikin buhun kamfa. Awon da masana aikin gona suka yi ya nuna na Sakkwato yana da ƙarfi, sinadarin da ake nema a cikinsa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Ƙasar noman Arewa kuwa, musamman jigawa, an daɗe da sanin tana fama da ƙarancin wannan sinadari, shi ya sa gero ke tsumburewa ko da an samu ruwa.

Duk da haka daga waje muke saye. Kamfanin takin sufa da gwamnatin tarayya ta kafa a Kaduna a shekarun 1970 daga Togo ya riƙa samo dutsensa. A watan Disamban 2016, lokacin da Sarki Muhammad na Shida na Maroko ya ziyarci Abuja, aka ƙulla yarjejeniyar taki da Maroko, ƙasar da ke riƙe da kusan kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin duniya, aka riƙa sayar da buhu a kan naira 5,500 na wani lokaci. Shi ma na Maroko ajiyar tsohon teku ne na kusan zamani ɗaya da namu. Adalci ne a faɗi cewa rashin amfani da na gida ba sakaci ne kaɗai ya jawo shi ba. Na Sakkwato a warwatse yake cikin siraran shimfiɗu, tsintarsa ake yi da hannu, babbar na'ura ba ta samun abin da za ta kwasa a tashi ɗaya. Kuma in aka niƙa shi aka watsa a gona haka nan, ba ya narkewa da sauri sai a ƙasa mai tsami da isasshen danshi. Amma waɗannan matsaloli ne da bincike ke warwarewa. A Nijar, André Bationo da abokan aikinsa a cibiyar ICRISAT ta Sadore sun yi shekaru suna gwada fosfet ɗin Tawa a gonakin gero, suka ga yana ƙara amfani, Mali ma ta yi aiki da nata na kwarin Tilemsi. Ana iya jiƙa shi da ruwan asid a masana'anta, ana iya cuɗa shi da takin gargajiya ya ruɓe tare. Jihar da ke da jami'o'i da manoma da ma'adinin a wuri ɗaya ba ta da uzurin barin wannan aiki.

Ƙasusuwan da aka fara bayyana waɗannan halittu da su ba su nan. Na Swinton da White suna Landan, kan Goronyosaurus yana Fulorens. Yaron Goronyo da ke son ganin dabbar da ke ɗauke da sunan garinsu sai ya nemi biza. Maƙwabtanmu sun riga mu a nan: a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, 'yan makaranta suna tsayawa gaban ƙwarangwal ɗin dainoso da na ƙaton kadan nan Sarcosuchus, waɗanda aka tono a hamadar Agadas, inda Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960, Paul Sereno kuma ya biyo baya a shekarun 1990. Sakkwato ta nuna ta iya adana tarihi, shaida ita ce rubuce-rubucen malaman jihadi da ke cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Abin da ke cikin ƙasa shi ma ya cancanci irin wannan kulawa, tun da kowace tifar dutse da aka kai murhun siminti da halittun da ke cikinta take tafiya.

Kafin Shehu Shagari ya shiga siyasa malamin makaranta ne, kuma kimiyya ya koyar a Midil ta Sakkwato a shekarun 1940, bayan ya fito daga Kwalejin Kaduna. Da ya zama shugaban ƙasa, shirin bunƙasa noma na cikin abubuwan da ya fara ƙaddamarwa a 1980. Garin da ya haifi malamin kimiyya ya dace ya zama cikin na farko da za a koya wa yaransa abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu, da Hausa, da samfuri a hannu. Aikin bai fi ƙarfin jiha ba. Gwamnatin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za su iya neman kwafin ƙasusuwan da ke Landan da Fulorens, su ware ɗaki guda da jama'a za su riƙa shiga suna gani, su kuma roƙi masu fasa dutse su riƙa ajiye abin da ya fito mai siffa kafin a niƙe. Malaman sakandare na Boɗinga da Shagari kuwa ba sai sun jira kowa ba: su nemi mota su kai ɗalibansu gangaren Dange, tafiya ce ta safiya guda, a je a dawo kafin azahar.